Rawanin Kawu a Wasan Helena

Tun da na dawo daga Jidda ban sami sukuni ba. Kowace Lahadi in an fito daga Mas sai a tare ni a ƙofar coci: Markus, yaya ƙasar Larabawa? Ka ga Makka? Da gaske ne babu coci ko ɗaya? Na gaji da ba da labari guntu-guntu, kowa ya ɗauki guntunsa ya je ya ƙara masa gishiri. Zan faɗe shi sau ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe, yadda ya faru. Kuma in gaya muku tun yanzu, har yau raina a ɓace yake.

Da farko, dalilin tafiyar. Kamfanin Turawan da na yi wa aikin kafinta a hanyar Funtuwa ya sami kwangilar gina rumbunan ajiya a tashar jiragen ruwa ta Jidda, suka ce in bi su. Wannan shi ne dalilin da ke cikin takarda. Dalilin gaskiya Inna ce. Mu asalinmu Maguzawa ne na ƙasar Malumfashi. 'Ya'yan kakana biyu ne suka rayu, Inna Kande da ƙanenta Ranau. Inna ta bi Fada, limamin coci, ta yi baftisma, Ranau ya bi wani malami ya musulunta. Da tsohon ya rasu suka yi mummunan faɗa a kan gawarsa, wa zai binne shi, kuma ta wace hanya. Bayan haka Ranau ya bi ayarin masu zuwa Hajji a ƙasa ta Sudan. Ina goye a lokacin. Daga nan sai labari jefi-jefi a bakin alhazai, wai yana Jidda yana ɗinki. Ranar da zan tashi Inna ta riƙe hannuna ta ce, "Kuɗin Larabawa bai dame ni ba. Ka nemo min Ranau. Ka ce ya zo gida mu ga juna, mun tsufa."

Sai hanya. A Kano aka yi mana allura, aka buga biza, muka shiga jirgi. Kusan duk 'yan jirgin masu zuwa umra ne. Da muka kusa sauka sai maza suka miƙe suna ɗaura harami, ni ina zaune da rigata. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Kai ɗan nan, barci kake? Tashi ka yi niyya."

Na ce, "Hajiya, ni aiki zan je."

"Aikin ya hana ka umra? Wane ne sunanka?"

"Markus."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Bahaushe?"

"Har kaka da kakanni."

"Ikon Allah. To Markus, in an sauka ka ɗaukar min jakar nan, Allah ya shirye ka." Ta ɓantaro goro ta ba ni. Jakar kuwa kamar an cika ta da duwatsu, na ɗauka har bakin motarsu.

A wurin binciken kaya na fara haɗiye fushi. Jami'in ya zazzage jakata a kan tebur. Ya shinshina daddawar da Inna ta ƙulla min, ya toshe hanci ya jefa ta kwandon shara. Sai ya ga carbina. Ya ɗaga shi, ya kama ɗan gicciyen da ke ƙarshensa, ya murɗe shi, ya jefa a aljihun tebur, ya miƙo min sauran. Kalma ɗaya ya faɗa, "Mamnu'," wato an hana. A gida da mutum ya yi min haka da sai an raba mu. A can na ce na gode. A waje kuma wakilin kamfani ya karɓe fasfo ɗinmu duka, ya ce a wurin kafili za su zauna, wato Balaraben da ya tsaya wa kamfanin. Daga baya aka ba mu iƙama, takardar izinin zama. Ta Musulmi koriya ce, tamu ruwan ƙasa, don ɗan sanda ya san ko kai wane ne tun kafin ya buɗe.

Masauki wani sansani ne na ɗakunan katako a kudu da tashar, an kewaye shi da waya. Da aka ga launin iƙamata sai aka haɗa ni da 'yan Filifin, don kusan dukkansu 'yan Katolika ne. Mutane ne masu tsabta da son waƙa, amma abincinsu ya gwada ni. Shinkafa da safe, shinkafa da rana, shinkafa da yamma, da kaza mai tsami, da wani ruwan kifi a kwalba wanda warinsa ya ninka na daddawar da aka zubar min. Shi ba a hana shi shiga ƙasa ba. Na koma sayen wake da aka dama da mai, da faffaɗan burodi mai zafi, a wurin wani ɗan Yaman a bakin ƙofa. Game da Makka kuwa, amsa ita ce a'a. Akwai allo a hanya da ke nuna inda irinmu za su kauce. Coci babu. In an kira salla kowane kanti sai ya rufe, in tsaya a rana ina jira, a gida kuwa mai kanti yakan bar ni in tsare masa kaya har ya idar.

Ranar Juma'a ce kaɗai ranar hutu, ita na ba neman Kawu Ranau. Na yi ta yawo a tsohon gari ina tambayar Ranau tela, ana dubana kamar mahaukaci. Wanda ya cece ni wani direban kamfani ne, Usman, Bahaushen Sudan, wanda Hausarsa rabi Larabci ce.

"Ya akhi, wa zai zo nan ya riƙe suna Ranau? Faɗa min kamanninsa."

Na ce Inna ta ce kunnensa na hagu a tsage yake, jaki ya cije shi yana yaro.

"Halas, shi ke nan! Alhaji Isuhu mai kunne. Unguwar Ammariyya yake. Yalla, shiga mota."

Na same shi a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene, yana taka keke. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba.

"Ɗinki ne? Ajiye, sai bayan sati."

Na ce, "Kawu, ni ɗan Kande ne."

Keken ya tsaya. Ya daɗe yana kallon allurar. Sannan ya ce, "Tana da rai?"

"Tana da rai."

"Har yanzu tana bin Fada?"

"Tana bi. Ni ma ina bi."

"Na gani a goshinka. Babu tabon salla, sai taurin kai irin nata." Ya goge ido da ƙyallen da yake ɗinki, ya ɗaga murya ya kira matarsa da Larabci, ya ce a ɗora tukunya. Ran nan na ci tuwo da miyar kuka karo na farko tun barina gida, har na ji kunyar yawan da na ci.

Daga nan kowace Juma'a ina gidansa. Ya kamata ku fahimci matsayinsa, don a nan nauyin labarin yake. Kawu ba shi da iƙama, tun zuwansa a ɓoye yake zaune. Mai irin wannan zama in zai koma gida sai ya miƙa kansa ga hukuma a tsare shi, sannan a kora shi, kuma da wuya ya sake shigowa. Yana da mata da 'ya'ya waɗanda suke jin Hausa amma da Larabci suke amsawa. Roƙon Inna ke nan ba ƙaramin abu ba ne. Da na fara isar da saƙon sai ya ce in ci abinci in bar surutu. Na bar shi. Shi da kansa ya riƙa jawo zancen: ko rimin nan na bakin rafi yana nan, wa ke noma gonar tsoho, Kande ta daina saurin hannu ko har yanzu tana dukan mutane da muciya. Bayan watanni, wata Juma'a yana raka ni, ya ce, "In kwangilarka ta ƙare zan miƙa kaina, mu haɗu a Kano. Manyan yaran sun isa riƙe shago. Amma kada ka rubuta mata tukuna." Na koma sansani kamar in yi tsalle a titi.

Yanzu sai wasan. A ɗakinmu akwai wani dattijo mai aikin walda, Berto, shi ke jan addu'a ranar Juma'a tunda babu Fada. Bayan bikin Ista ya same ni ya ce yana son in yi masa gicciye uku na katako, amma a rarrabe, yadda in an gani za a ce ƙafafun benci ne. Ya ce a ƙauyensu kowane watan Mayu ana yin wasan Waliyyiya Helena, uwar Sarki Kustantin, wadda ta je Urushalima ta haƙa tudu ta tono gicciyen Ubangijinmu. Limaman Sifen ne suka kawo musu wasan a jirgin ruwa shekaru ɗaruruwa da suka wuce, kuma gidansu ke riƙe da shi, daga kakansa zuwa ubansa zuwa shi, duk a ka. Ga shi ya yi bakance: 'yarsa ta kwanta ciwo, ya yi wa Waliyyiyar alkawarin ba zai bar shekara ta wuce bai yi wasan ba, ko yana ina. A Jidda kuwa in aka kama su, kora ce ga kowa, wataƙila da bulala.

Na yi gicciyen. Ni ne ke shirya wasan Wahalar Yesu a nan cocinmu, kun sani, don haka abin ya ja ni. Na ga bambanci da yawa. Mu kowa yana haddace maganarsa. Su kuwa Berto ke tsayawa a baya da sanda, ya faɗi layi, ɗan wasa ya maimaita da ƙarfi. Ba sa tafiya haka kawai, kowace shiga da fita da irin takunta, kamar sojoji. Faɗan takobi kuma rawa ce, ana ƙirga ta da kiɗa. Tunda babu mace a sansanin, wani kuku mai suna Lito shi ne Helena, da gidan sauro a matsayin mayafi.

Sai Berto ya ce akwai sarkin ƙasar da gicciyen yake, wanda zai hana Helena haƙa, a yi yaƙi, a ci shi, a ƙarshe ya karɓi baftisma. Da Larabci yake kirana aboki. Ya ce, "Kai ne dogo, sadik, kai ne baƙi, kana da muryar sarki. Kana da babbar riga irin ta ƙasarku, da abin naɗawa a ka?" Ban ga aibu ba. Sarkin da bai san Almasihu ba sannan ya sani, ai labarin gidanmu ne. Kuma ku shaida ne, a wasan Kirsimeti sarakunan nan uku masu kai wa jariri Yesu kyauta da riga da rawani muke fito da su, mu aro a gidan dagaci, shi Musulmi, ya zo ya zauna a gaba yana jin daɗi. A wurinmu in aka naɗa wa ɗan wasa rawani, an girmama shi ke nan. Muka yi ta gwaji da tawul a kaina. Taku na iya, faɗa na iya, layukana ina maimaitawa da harshensu ban san me nake faɗa ba. Fage na ƙarshe ne kaɗai ba mu gwada ba. Berto ya ce a gidansu ba a gwada shi, don da ruwa mai tsarki ake yi, ba a zuba shi sau biyu. "Ka durƙusa kawai, sauran namu ne."

Na je wurin Kawu aron riga. Ban ɓoye masa komai ba cikin abin da na sani. Ya yi dariya har da tari.

"Kai ne sarki? Ɗan Kande? To da me za ka rufe wannan kan?"

"Da tawul."

"Tawul! A gaban baƙi? Ka ja mana zagi."

Ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya fito da farin rawani a naɗe cikin takarda. Ya ce ya fara karatu da gemu, yara suna yi masa dariya, ya yi shekaru yana fama har ya sauke Alƙur'ani, ran nan malaminsa ya naɗa masa wannan da hannunsa. Na ce a'a, wannan ya fi ƙarfin wasa. Ya ce, "Rufe min baki. Kuma ba ka iya naɗi ba, ni zan zo in naɗa maka. In ma ga irin abin naku da idona, kada in je gida Kande ta ce ban san komai ba." Mutumin da ba shi da takarda, wanda ko kasuwa ba ya zuwa sai dole, shi ne zai ratsa gari saboda ni. Ku riƙe wannan.

Ranar ta zo, Juma'a bayan azahar. A ɗakin cin abinci aka yi. An toshe tagogi da barguna, an tayar da janareta a jikin bango don ƙararsa ta rufe kiɗa, an sa mutum a ƙofar sansani. Kawu ya shigo da jakar ɗinki a matsayin tela mai kawo wa ma'aikata kaya. A kicin ya naɗa min.

"Tsaya cak. Kai kamar ƙwarya, ba inda rawani zai kama." Ya ja, ya zagaya, ya saukar da amawali a haɓata, ya koma baya ya duba. "To. Yanzu ka yi kama da mutum."

Berto ya shigo ya gan mu. Ya dubi Kawu, ya dubi carbin da ke hannunsa, ya dubi rawanin. Ya tambaye ni a hankali, "Musulmi ne?" Na ce kawuna ne, kuma rawanin nasa ne, na karatunsa. Na ga bakin Berto ya buɗe. Na ga ya rufe shi. Ya je ya kawo kujera ya ajiye wa Kawu a sahun gaba, ya ba shi lemo mai sanyi. Wannan rufe bakin shi ne abin da ban yafe ba.

Aka fara. Mutanen Helena suka shigo da shuɗin kaya, a hankali, da kiɗa mai sanyi. Sai namu kiɗan, mai sauri. Ina gaba, na waiwaya in ga ko sojojina sun daidaita taku, sai na ga sun sa jajayen kaya, kuma a jikin garkuwarsu ta kwali an zana jinjirin wata da tauraro. A gwaji babu garkuwa. Amma kiɗa na tafiya, Berto na jefo layi, mutane sun cika ɗaki. Na saci kallon Kawu, na ga yana murmushi yana gyaɗa kai da kiɗan. Na ce a raina ƙila ado ne kawai.

Aka yi faɗan. Wanda ya fito a Kustantin wani matashi ne mai tuƙa injin ɗaga kaya, Rudi. Ya buge takobina kamar yadda muka gwada, na durƙusa. Sai na ji tsinin takobinsa na katako ya shiga ƙarƙashin naɗin. Ya fizge rawanin, ya ɗaga shi sama yana juyawa, ya yi jifa da shi ƙasa. Sojojin shuɗi suka taho da takunsu, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya taka shi da takalmin aiki ya wuce. Ɗakin ya ɗauki tafi da ihu. Wasu har da hawaye, suna alamar gicciye. Lito ya matso da kwanon ruwa.

Na miƙe na ture kwanon, na shaƙe Rudi da wuyan riga har ƙafarsa ta bar ƙasa. Kiɗa ya tsaya, sai ƙarar janareta. Kawu ya taso daga kujerarsa, ba gaggawa. Wani soja yana tsaye a kan bakin rawanin, ya daskare. Kawu ya taɓa masa gwiwa, ya ɗaga ƙafa. Ya ɗauki rawanin, ya kakkaɓe, ya ninke shi daidai, ya sa a jakar ɗinki. Ya dubi Berto ya ce, "Halas?" wato an gama ke nan? Ya fita.

Faɗan da ya biyo baya da raɗa aka yi shi, don kowa na tsoron a ji a waje. Ban taɓa zagin mutum da raɗa ba sai ran nan. Berto ya riƙe hannuna.

"Sadik, ba kawunka ba ne. Sarkin wasa ne. Haka ake yi tun kakana, in ba a cire abin kansa an taka ba, ba a ci shi ba. A da irinsu ne ke zuwa ta teku suna kwashe mutanen ƙauyenmu."

Na ce, "Kawuna ya taɓa zuwa tekunku? Na gaya maka rawanin na waye. Me ya hana ka ce in sa tawul?"

"Da ka fasa. Ina zan sami wani a lokacin? 'Yata, sadik. Ka durƙusa a zuba ruwan, a gama, don Allah."

Na ce ya nemi wani ya durƙusa masa. Na ji daga baya sun ɗora wa ɗaya daga cikin jajayen sojojin tawul, sun ƙarasa da shi. Ashe tawul ɗin ya isa.

Na cim ma Kawu a bakin titi, a cikin rana, yana jiran bas, motocin 'yan sanda na wucewa. Ina sanye da rigarsa, kaina a buɗe. Na durƙusa a kan kwalta mai zafi na ce wallahi ban sani ba.

Ya ce, "Tashi, kada ka ja mana ido. Na san ba ka sani ba. Na ga fuskarka."

Bas ta zo ya shiga.

Zan faɗi gaskiya a kansa. Kalma ɗaya daga bakinsa a masallacin unguwa da ta isa a kwashe sansanin nan gaba ɗaya. Bai faɗa ba, ko wa matarsa. Na ci gaba da zuwa Juma'a, ana ba ni tuwo kamar da. Amma ya daina tambayar rimi da gona. Da kwangila ta zo ƙarewa na ce, Kawu, lokaci ya yi. Yana taka keke ya ce, "Na fasa."

Na ce ai a gida ba haka muke ba. Na ba shi labarin dagaci da sarakuna uku, na ce waɗancan baƙi ne da tsohon faɗansu.

"Ba takawar ce ta tsaya min ba, ɗan Kande. Yara ne, an ce su taka. Tafin ne. Mutanen kirki ne, sun ba ni kujera, sun ba ni lemo, kuma da aka taka suna kuka don daɗi. To in na je gidan Kande, za a ba ni kujera, za a ba ni fura. Ina zaune ina tunanin me ake jira a gani."

"Kawu, ba wanda zai jira komai."

"Wataƙila. In bar matata da 'ya'yana, in shiga gidan tsaro da tsufana, a kan wataƙila?"

Na je na sake zuwa har ranar tafiya, bai canja ba. Ya ɗinka wa Inna doguwar riga ya ba ni, ya ce in ce mata ya yafe abin da ya wuce a kan gawar tsoho, ita ma ta yafe. Berto kuwa ya zo sallama da hannu a miƙe, ya ce an rubuto masa 'yarsa ta sami sauƙi. Na ce na yi murna da yarinyar, kuma gaskiya na faɗa. Hannun ban karɓa ba.

Da na dawo na kai wa Fada labarin. Ya ce ya san irin wasannin nan, a ƙasashe da yawa an yi su a zamanin da Sifen ke yaƙi da Musulmi. Sannan ya ce a zamanin Waliyyiya Helena ma Musulunci bai zo ba tukuna, sai bayan ɗaruruwan shekaru. Wato ita ba ta taɓa ganin mai rawanin saukar karatu ba, balle ta sa a taka. Wasu ne suka ɗauko faɗansu suka cusa mata a labari, aka yi ta gadonsa, har ya zo ya faɗo a kan kawuna a Jidda. Na fito daga ofishin Fada da fushin da ya fi wanda na shiga da shi.

Na bar maganar Inna a ƙarshe don ita ta fi nauyi. Da ta ji sallamata ta fito tana lalube, tana leƙen bayana. Na zaunar da ita na gaya mata duka, ban rage ba. Ta ɗora rigar a cinya tana shafa ɗinkin.

"Da takalmi suka taka?"

"Da takalmi."

"Kai kana ina?"

"Ina durƙushe, Inna."

"Ƙaton banza." Ta ninke rigar. "Shi ma ƙaton banza. Ni ce zan jira a zuba masa ruwa? Ni da na goya shi?"

Washegari ta aike ni kasuwa in sayo auduga, ta sa aka nemo mata mazarinta da ta ajiye tun ina saurayi. Na ce Inna, a Kano akwai rawani iri-iri, in je in sayo mai kyau. Ta ce wanda aka taka ba a kanti aka ba shi ba. Ta riga ta yi magana da masaƙi, kuma ta sami wani maniyyaci a Malumfashi da ya yarda zai kai Ammariyya. Tana nan a tsakar gida yanzu da nake rubutun nan, da alli a yatsu, ba ta ganin zaren sosai. Yana tsinkewa, tana zagina, tana ɗaurawa. Ban san ko zai karɓa ba.